Santsi da Taɓo: Zaɓen Gwamnan Kano na 1983 da Darasinsa ga Matasan Zango

 

Kwanakin baya, da muka tashi daga karatun tsakanin Magariba da Lisha a nan Aboabo, wasu ɗalibai suka tsaya a bakin masallaci suna gardama a kan maganar da ta daɗe tana kai-komo a ƙasar nan. Shin a bar shugaban ƙasa ya ci gaba da naɗa shugabannin gundumomi da na birane, ko kuwa jama'a su riƙa zaɓensu da ƙuri'a? Ɗaya daga cikinsu ya ce ai ga Najeriya nan, kowace jiha ita ke zaɓen gwamnanta, mu kuwa a Gana ko ministan yanki sai an aiko mana shi daga sama. Ya tuna wa 'yan'uwansa ƙuri'ar raba-gardamar da aka shirya yi ranar 17 ga Disamba 2019 a kan ko jam'iyyu za su shiga zaɓen ƙananan hukumomi, wadda Shugaba Akufo-Addo ya janye saura makonni biyu a yi ta.

Da suka nemi ra'ayina, na ce musu ina cikin masu ganin ya kamata jama'a su zaɓi wanda zai shugabance su a kusa, domin wanda ka zaɓa kana iya tsare shi da tambaya. Amma na ƙara musu da cewa mulkin da ke kusa da gida wutarsa ta fi saurin kama gida. Na yi musu alkawarin zan rubuta labarin zaɓen gwamna guda ɗaya da na ga farkonsa da idona, lokacin ina ɗalibi a Kano kafin in wuce ƙasashen Larabawa ƙarin karatu. Zaɓen gwamnan Jihar Kano ne na shekarar 1983. Abin da nake so mai karatu ya riƙe daga cikinsa shi ne, gabar da ta fi cin rai a siyasa tsakanin 'yan gida ɗaya take tasowa, kuma da wuya wanda ya haddasa ta ya zama shi ne mai biyan kuɗinta.

Yadda PRP ta ci Kano a 1979

A watan Satumba 1978 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ɗage takunkumin siyasa. Hukumar zaɓe ta lokacin, FEDECO, ta yi wa jam'iyyu biyar rajista: NPN, UPN, NPP, GNPP da PRP. A Kano karawar ta kasance tsakanin guda biyu. NPN mai alamar gida da masara, wadda kirarinta "Aminci", ita ce ta manyan 'yan kasuwa da yawancin masu sarauta, magajiyar tsohuwar NPC ta zamanin Sardauna. PRP kuwa mai alamar mabuɗi, wadda kirarinta "Nasara", ita ce ta Malam Aminu Kano, magajiyar NEPU da aka kafa a birnin Kano ranar 8 ga Agusta 1950.

'Yan NEPU sun sha wuya a shekarun 1950. An ɗaure su a gidajen yarin En'e, an yi musu bulala, an kori wasu daga garuruwansu, duk saboda sun ce talaka yana da haƙƙi a kan mai mulki. Don haka da talakan Kano ya jefa wa PRP ƙuri'a a 1979, bashin shekara talatin yake karɓa. A zaɓen shugaban ƙasa na shekarar, Alhaji Shehu Shagari na NPN kashi 19.94 cikin ɗari kawai ya samu a Kano. Wannan ƙarancin ne ya jawo shahararriyar shari'ar nan ta kashi biyu cikin uku na jihohi 19, wadda sai da Kotun Ƙoli ta raba gardama kafin a rantsar da shi.

A zaɓen gwamna na ranar 28 ga Yuli 1979, ɗan takarar PRP, Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, ya yi nasara ba tare da wata wahala ba. Yana da shekara 39 aka rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba. A tuna cewa Kano ta wancan lokaci ta haɗa har da Jigawa ta yau, domin sai a 1991 aka raba su. A maƙwabciyarta Kaduna ma PRP ce ta ci kujerar gwamna ta hannun Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, amma majalisar dokokin jihar tana hannun NPN.

Adalci ne a faɗi abin da gwamnatin Rimi ta yi. Da hawanta ta soke haraji da jangali, wato kuɗin kai da ake karɓa daga kowane baligi da kuɗin shanu da ake karɓa daga makiyaya, waɗanda su ne sandar da hakimai da dagatai suka daɗe suna dukan talaka da ita. Ta kafa hukumar yaƙi da jahilci, har tsofaffi maza da mata suka koma aji da yamma. Ta kafa jaridar Triumph da gidan talabijin na jiha, ta kai wutar lantarki ƙauyuka. Ita ce ta fara mayar da ranar 1 ga Mayu hutun ma'aikata a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu. Wanda ya zauna a Kano a wannan lokaci ya san yadda talaka ya ɗaga kai. Ba a shekara ba sai gidan ya fara tsagewa.

Ɓarakar da ta raba gida biyu

Musabbabin da aka fi sani shi ne taron gwamnoni tara. Gwamnonin UPN biyar, da na GNPP biyu, da na PRP biyu suka fara haɗuwa lokaci-lokaci don su dunƙule su fuskanci NPN mai riƙe da gwamnatin tarayya. Uwar jam'iyyar PRP, ƙarƙashin Malam Aminu Kano da sakatarenta Sam Ikoku, ta ga cewa wannan taro zai kai ƙarfin PRP hannun Cif Obafemi Awolowo ne, sai ta umarci gwamnoninta su daina zuwa. Rimi da Balarabe Musa suka ƙi. Su kuma suka zargi wasu shugabannin jam'iyya da neman kusantar NPN a bayan fage. A cikin 1980 aka kori gwamnonin biyu daga jam'iyya, su kuma suka kafa nasu ɓangaren ƙarƙashin tsohon jagoran ƙwadago Cif Michael Imoudu. FEDECO ta amince da ɓangaren Malam a matsayin PRP ta gaskiya.

Kanawa ba sa rasa suna. Ɓangaren gwamna aka kira su 'yan Santsi, ɓangaren Malam kuwa 'yan Taɓo. Jama'a suka fassara cewa waɗancan santsi ya kwashe su daga kan hanya, waɗannan kuma sun kafe inda suke kamar wanda ya taka taɓo. Kowane ɓangare ya rungumi sunan da aka laƙaba masa don zagi ya mayar da shi abin alfahari.

A ƙarƙashin maganar aƙida akwai abin da ya fi ta nauyi. Gwamna yana riƙe da baitulmali da kwangila da muƙamai da gidan rediyo. Jagoran jam'iyya yana riƙe da tarihi da ƙaunar talakawa. Tsofaffin 'yan gwagwarmaya da suka sha ɗauri a zamanin NEPU suna ganin yara 'yan boko da suka zo jiya su ke cin moriyar wahalarsu. Su kuma matasan da ke kewaye da gwamna suna ganin tsofaffin so suke a raba musu dukiyar jama'a ladan wuyar da suka sha. Kowa yana da ɗan abin da zai kafa hujja da shi, shi ya sa sulhu ya yi wuya.

Abin da na gani a unguwar da nake zaune shi ne, mutanen da suka jefa ƙuri'a a akwati ɗaya a 1979 sun daina gaisawa. Majalisar shayi ta rabu biyu. An fasa aure saboda uban yarinya ɗan Taɓo ne, mai nema ɗan Santsi. Akwai waɗanda suka canza masallacin da suke salloli biyar saboda sun ji ƙamshin wani ɓangare a jikin liman. Ɗan Taɓo yana iya zama da ɗan NPN su ci tuwo, amma ba ya zama da ɗan Santsi, domin ɗan NPN abokin hamayya ne kawai a wurinsa, ɗan Santsi kuwa maci amana. 'Yan banga da 'yan daba, waɗanda a da ake haya don su kare taron jam'iyya daga jam'iyyar hamayya, aka juyo da su kan 'yan'uwa.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Kaduna, majalisar da NPN ta mamaye ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa tun daga farko, har ya yi mulki ba tare da majalisar zartarwa ba, kuma ranar 23 ga Yuni 1981 ta tsige shi. Shi ne gwamna na farko da aka tsige a tarihin Najeriya. Ya faɗi a lokacin da jam'iyyar da ta kawo shi ta riga ta kore shi.

Juma'ar 10 ga Yuli 1981

Kano ba ta gama farfaɗowa daga rikicin Maitatsine na Disamba 1980 ba, wanda hukuma ta ce ya ci rayuka fiye da 4,000, sai ga wata sabuwa. Dangantaka tsakanin gidan gwamnati da fadar Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ta yi tsami, musamman bayan da gwamnati ta ƙirƙiro sababbin masarautu a cikin ƙasar Kano ta ɗaga darajar wasu. Ranar 7 ga Yuli 1981 gwamnati ta aika wa Sarki takardar tuhuma, tana neman ya kare kansa daga zargin rashin girmama gwamna. Labari ya bazu a gari cewa tuɓe Sarki za a yi.

Ranar Juma'a 10 ga wata, cikin watan Ramalana, mutane da azumi a bakinsu, gari ya kama da wuta. An ƙona gidan rediyon Kano, da ofishin jaridar Triumph, da ginin majalisar dokoki, da wasu ma'aikatu. Daga soron makarantarmu muna hango hayaƙi ta kowace kusurwa, malaminmu ya sa aka rufe ƙofa ya ce kada wanda ya leƙa waje. A wannan rana aka shiga gidan Dakta Bala Muhammad, malamin kimiyyar siyasa a Jami'ar Bayero kuma mai ba gwamna shawara kan siyasa, aka kashe shi aka banka wa gidan wuta.

Kowane ɓangare ya ɗora wa wani laifin. Gwamnati ta ce shiri ne na 'yan hamayya da suka ɓuya a bayan sunan Sarki. Masu hamayya suka ce fushin jama'a ne a kan cin mutuncin sarauta. Ko wanne ne ya fi kusa da gaskiya, waɗanda suka ɗauki fetur da ashana 'ya'yan talakawa ne, kuma rediyo da ma'aikatun da suka ƙona da kuɗin iyayensu aka gina su. Ba a tuɓe Sarki ba, gwamna bai sauka ba. Kafin shekarar ta ƙare, majalisar jiha ta tsige mataimakin gwamna Alhaji Ibrahim Faruk, wanda bai bi gwamna zuwa Santsi ba, aka maye gurbinsa da Alhaji Abdu Dawakin Tofa.

Zaɓen 1983

Da zaɓe ya ƙarato, 'yan Santsi suka ga ba su da jam'iyyar da za su tsaya a cikinta, tunda hukuma ba ta san su ba. Rimi ya yanke shawarar komawa NPP ta Dakta Nnamdi Azikiwe. Ana cikin haka, ranar 17 ga Afrilu 1983, Allah Ya karɓi ran Malam Aminu Kano. A lokacin na riga na bar Kano, a rediyo na ji, amma abokan karatuna sun rubuto mini cewa Santsi da Taɓo da 'yan NPN duk sun haɗu a sahu ɗaya wajen jana'iza suna kuka. Malam ya rasu bai ga 'ya'yansa sun shirya ba. Gidansa na Gwammaja, wanda yau ake kira Mambayya, yana nan a hannun Jami'ar Bayero ga mai son ya ga yadda jagoran talakawa ya zauna.

A watan Mayu Rimi ya yi abin da ba a saba gani ba. Ya ce tunda da ƙuri'ar PRP ya hau, ba zai tafi da kujerar zuwa wata jam'iyya ba, sai ya sauka, Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin. Ko masu adawa da shi sun yaba wannan. PRP ta Taɓo kuwa ta tsayar da Sanata Alhaji Sabo Bakin Zuwo, tsohon ɗan NEPU wanda bai yi zurfi a boko ba amma ya san lungun Kano da harshen mutanenta. 'Yan Santsi suka riƙa yi masa dariyar Turanci. Talakawa da yawa kuwa suka ji kamar su ake yi wa dariyar.

Aka yi zaɓe ranar 13 ga Agusta 1983. Sabo Bakin Zuwo ya kayar da Rimi, mutumin da magoya bayansa ke kira Limamin Canji, duk da ayyukan da ya shimfiɗa. Mutuwar Malam ta taimaka, domin mutane da yawa sun ɗauki jefa wa mabuɗi ƙuri'a a matsayin cika alkawari ga mamaci. Masu sarauta da waɗanda ba su yafe takardar tuhumar 1981 ba, burinsu kawai kada Rimi ya dawo. Sabon gwamna da hawansa ya rushe masarautun da Rimi ya ƙirƙiro.

To amma a duba lissafin gidan gaba ɗaya. A 1979 PRP tana da jihohi biyu, a 1983 ta tsira da ɗaya, domin Kaduna ta koma hannun Alhaji Lawal Kaita na NPN. Shagari da ya kasa samun kashi 20 a Kano a 1979, a 1983 ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙuri'ar talaka da ta kasance dunƙule ɗaya ta rabu gida biyu, wanda ya ci ribar kuwa shi ne wanda aka kafa jam'iyyar don a yaƙa. A wannan zaɓen dai, a Jihar Ondo, irin wannan faɗan na cikin gida tsakanin Gwamna Michael Ajasin da tsohon mataimakinsa Akin Omoboriowo ya sa aka ƙona mutane da gidaje a Akure.

Nasarar Taɓo ma ba ta yi tsawon rai ba. An rantsar da Sabo Bakin Zuwo ranar 1 ga Oktoba, ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka karɓi mulki suka ɗora Manjo Janar Muhammadu Buhari. Wata uku ke nan. Hujjar sojoji ita ce maguɗin zaɓe da ɓarnar dukiya. Kotunan soja suka ɗaure Sabo, suka ɗaure Rimi. Shekara uku ana zage-zage da sare-sare, ƙarshe jagoran Santsi da gwamnan Taɓo duk a kurkuku suka kwana. Daga baya aka sake su. Rimi ya zama minista a 1993, ya kuma shiga sahun waɗanda suka kafa PDP a 1998 tare da mutanen da ya yaƙa a NPN. Manya sun shirya sun zauna a tebur ɗaya, amma Dakta Bala bai dawo ba, haka nan matasan da aka sassara a lunguna waɗanda ko sunayensu ba a rubuta ba.

Kano ba ta ɗauki darasin ba. Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso da Dakta Abdullahi Umar Ganduje sun fara zama gwamna da mataimakinsa a 1999, ɗaya ya miƙa wa ɗaya mulki a 2015, suka ɓata, zaɓen 2019 ya kai ga zagaye na biyu da 'yan daba suka yi ta'asa a cikinsa. Aka sake raba masarauta a 2019, aka tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi II a 2020, wata gwamnatin ta zo ta rushe masarautun a 2024 ta mayar da shi. Wanda ya san 1981 da 1983 ba sabon abu ya gani ba.

Mu ma mun ɗanɗana a nan Kumasi

Kada ɗan Zango ya ce wannan labarin Kanawa ne. Dattawanmu sun san abin da ya faru a garin nan kafin da bayan samun 'yancin kai. A 1954 aka kafa jam'iyyar Musulmi ta MAP, kuma a wannan shekarar aka kafa NLM a Kumasi don hamayya da CPP ta Dakta Kwame Nkrumah. Zango ya rabu biyu. Sarkin Zango Alhaji Amadu Baba da Alhaji Alfa Lardan suna ɓangaren MAP da NLM, Malam Mutawakilu da mutanensa suna ɓangaren CPP. Rigimar ta shiga sarauta, ta shiga limanci, ta taɓa har maganar babban masallacin gari, kuma matasan Zango ne ake sa wa a gaba idan za a yi jifa da duka a titi.

A watan Agusta 1957, wata biyar bayan samun 'yanci, gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Alfa Lardan zuwa Najeriya. Sun je kotu suna cewa a ƙasar nan aka haife su, amma majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu ta yanke shari'ar. Kafin shekarar ta ƙare aka yi dokar da ta haramta jam'iyyar addini ko ƙabila ko yanki. Bayan shekara goma sha biyu, a watan Nuwamba 1969, gwamnatin Dakta Busia, magajiyar ɓangaren da MAP ta mara wa baya, ta fitar da dokar korar baƙi ta ba da wa'adin mako biyu. Babu gidan da ke Zango da wannan doka ba ta taɓa ba, ko ta dangi ko ta maƙwabta. Ke nan ɓangarorin biyu da kakanninmu suka fasa wa juna kai dominsu, kowanne ya nuna musu hanyar iyaka a lokacinsa.

A zamaninmu ma alamun suna nan. A watan Maris 2017 'yan wata ƙungiyar matasa mai alaƙa da NPP, Delta Force, suka kutsa ofishin gwamnatin yankin Ashanti suka fitar da jami'in tsaron da gwamnatin jam'iyyarsu ta naɗa, bayan makonni kuma aka afka wa kotu a nan Kumasi aka kuɓutar da waɗanda ake tuhuma. A watan Fabrairu 2019 aka yi harbi a ofishin NDC na yanki da ke Amakom ana cikin taron shugabanni, aka kashe matashi ɗaya. A duka biyun ba jam'iyyar hamayya ce ta kawo hari ba, rikicin cikin gida ne. Bayan abin da ya faru a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon ranar 31 ga Janairu 2019, majalisa ta yi dokar haramta ƙungiyoyin banga na jam'iyyu a wannan shekarar, amma a zaɓen 2020 an sake rasa rayuka, ciki har da Techiman. Mu da ke mazaɓar Asawase mun san cewa sau da yawa zaɓen fid da gwani na cikin jam'iyya ya fi babban zaɓe tayar da hankalin unguwa.

Abin da ya rage gare mu

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ko an fara zaɓen shugabannin gundumomi ko ba a fara ba, akwai abubuwan da ke hannunmu.

Na farko yana kan malamai da limamai. Mumbari na kowa ne. Ranar da liman ya zama na wani ɓangare, ya rasa ikon shiga tsakani ranar da aka zare wuƙa. Malami ɗan ƙasa ne, yana da ƙuri'arsa, amma ya bar ta a ɗakin zaɓe. Abin da ya sa duk jam'iyyu ke sauraron Babban Limamin Ƙasa Shaikh Usman Nuhu Sharubutu shi ne babu wadda ta iya cewa nata ne. Haka nan sarakunan Zango. Kano ta nuna mana cewa idan aka jingina rawani da jam'iyya, ranar da jam'iyyar ta faɗi rawanin ma sai ya girgiza.

Na biyu yana kan matasa, musamman masu zama a majalisun shayi daga Aboabo zuwa Sawaba da Akwatia Line. Ka shiga jam'iyyar da kake so, ka nemi muƙami a cikinta, ka yi gardama da hujja. Amma idan wani babba ya kira ka da dare ya ba ka 'yan sidi da babur ya ce ka je ka tarwatsa taron wane, tambaye shi ina 'ya'yansa suke a wannan daren. Wanda ake tura ka ka sara, gobe za ka gan shi a mota ɗaya da wanda ya tura ka. Alƙur'ani a Suratul Ma'ida ya daidaita kashe rai ɗaya ba da haƙƙi ba da kashe mutane baki ɗaya, kuma a Suratul Hujurat ya hana kiran juna da sunayen banza ya yi umarni da sulhunta 'yan'uwa. Santsi da Taɓo da laƙabi suka fara kafin a kai ga fetur.

Na uku yana kan masu jefa ƙuri'a baki ɗaya. Mu auna ɗan takara da abin da ya taɓa rayuwarmu: kwatocin da ke cika su shigo ɗakuna duk damina, makarantun da yara ke cunkushe a aji, aikin yi ga wanda ya gama sakandare yana zaune. Talakan Kano ya samu soke haraji da makarantun manya ne a lokacin da ƙuri'arsa take a dunƙule a kan buƙata. Da aka mayar da hankalinsa kan wane ne ɗan halak a jam'iyya wane ne maci amana, sai buƙatar ta bi ruwa.

Na huɗu, idan ɓaraka ta kunno kai tsakanin manyan unguwa, dattawa su shiga tun tana ƙarama, kafin kowane ɓangare ya samu suna da mawaƙa da 'yan banga. A Kano an yi ta jiran lokacin da ya dace a sasanta Malam da ɗalibansa har ajali ya riga kowa.

Allah Ya jiƙan Malam Aminu Kano da Dakta Bala Muhammad da Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Sabo Bakin Zuwo da magabatanmu na Zango, Ya yafe musu kurakuransu. Allah Ya zaunar da Gana da Najeriya lafiya, Ya tsare matasanmu daga zama makamin wasu, Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa. Amin.